Ranar da Leɓena Ya Kusa Kashe Abokina

Shekarun baya, tun Turawa ba su san hanyar Kano ba, na bi ayarin fatake daga Gaya zuwa Lakwaja da kanwa da jar fata. Tare muka tafi da abokina ɗan Ajingi, wanda muka yi karatun allo a tsangaya ɗaya. Ƙudan tsando ya kashe mana jakuna a hanya, dole muka tsaya aikin dako a bakin Kwara, muna loda wa wani jirgin ruwa na Turawa buhuna.

Ma'aikatan jirgin mutanen bakin teku ne, ba sa jin Hausa ko ta sannu. Ni kuwa kunnena da kwaɗayi, nan da nan na tsinci Turanci, har aka mai da ni mai yi musu kira daga cikin kwalekwalen da muke kai buhunan gindin jirgi da shi. Su suna can sama riƙe da igiya, ba sa ganinmu. In an ɗaura buhu sai in ce "pul", su ja. In wuri ya cika sai in ce "ful", su saki igiya su huta.

To, a nan matsalar take. A bakina kalmomin nan biyu abu ɗaya ne, kamar yadda mu ba mu damu ba ko ka ce fartanya ko partanya. Sai na riƙa haɗawa da buga gefen jirgi da sanda in ina son a ja. Wani dattijo a cikinsu ya sha nuna mini cewa in rufe leɓe gam, sannan in fasa iskar. Na yi masa kallon banza. Ni da na sauke Alƙur'ani, nake raba sadi da sinun, wani zai koya mini buɗe baki? Na gaya wa abokina kunnensu ne ke da ciwo.

Wata ranar damina kogi ya kawo ruwa sosai. Abokina na miƙa buhu, ƙafarsa ta zame, ya faɗa tsakanin kwalekwale da jirgi. Mu mutanen tudu ne, iyakar ruwanmu kududdufi. Allah ya sa ya cafki igiyar lodi da ke lilo. Wajen ƙoƙarin kamo shi sandata ta bi ruwa. Na ɗaga kai na kwarara ihu da iya ƙarfina, ina nufin su ja.

Sai suka saki.

Da idona na ga igiyar tana warwarowa, kansa ya nutse. Na sake yin ihu, suka ƙara saki, har ina jin dariyarsu a sama. Na ce "ku ja" da Hausa, na faɗa da Nufanci, babu wanda ya motsa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, domin na gane ni nake nutsar da shi.

Ban san yadda aka yi ba, na dai datse leɓena har na ji ɗanɗanon jini, na fasa. Kalmar ta fito daidai. Igiya ta miƙe, suka jawo shi kamar jiƙaƙƙen tsumma, yana aman ruwa.

Da ya dawo hayyacinsa ya dube ni ya ce, "Malam, na ji an sakar mini igiya a hannu. Wa ya ce a saki?"

Na ce ni ne. Ya juya ya ci gaba da tari.

Daga ranar na ajiye girman kai, na bi dattijon nan kamar sabon ɗalibi har bakina ya faɗa. Amma har yau in na tuna cewa tsakanin mutum da lahira akwai abin da bai wuce rufe leɓe ba, sai tsigar jikina ta tashi.

Yanzu mun tsufa, yana noma a Ajingi, jikoki cike da gida. In na kai masa ziyara yakan sa ni in faɗi kalmomin biyu a gabansa, a hankali. Sai ya kasa kunne, sannan ya girgiza kai.

"Wallahi, Malam, ni har yanzu ban ji bambanci ba."