Foldar Maman Yara

Shekara talatin da huɗu Mai Hoto ya yi a shago ɗaya, tsakanin mai gyaran agogo da wata mata mai buga takardu, kuma bai taɓa yarda da abin da bai duba sau uku ba. In ya rufe shago, sai ya dawo ya jijjiga kwaɗo. In ka ce masa yau Talata, sai ya ɗaga kai ya kalli kalanda. Mutane na cewa ya cika ƙaƙale. Ni dai ban ga laifinsa ba.

Yanzu kowa da waya a aljihu, sai masu neman hoton fasfo ke leƙo shi. Sauran yini yana gaban tsohuwar kwamfutarsa mai gurnani kamar injin niƙa. A cikinta akwai folda ɗaya da ya sa wa suna Maman Yara: hotunan matarsa dubu biyu da ɗoriya, tun tana amarya har shekarar da ta rasu. Na takarda ruwa ya lalata su lokacin da rufi ya yi yoyo. Waɗannan kaɗai suka rage, kuma kewarta ba ta ragu ba ko kaɗan.

Autarsa na aure a nesa, shekara shida ba ta zo gida ba. Wata safiya ta kira shi.

"Baba, jikarka ta dame ni da tambayar kakarta. Akwai manhajar da za ka sa a kwamfuta, duk abin da ke foldarka sai ya hau ma'ajiyar intanet ya bayyana a tawa."

"To, in ya zo wurinki, ni me zai rage mini?"

"Haba Baba, ai ba kwashewa za a yi ba."

Sai dai manhajar kamfanin ma'ajiyar ta ƙi zama a kwamfutarsa, wai ta tsufa. Dole sai wata da wasu daban suka ƙirƙira. Nan fa hankalin Mai Hoto ya tashi. Ya leƙa ya kira maƙwabciyarsa mai buga takardu, ta shigo da tabarau a goshi.

"Wannan akwatin naka ai ya girme ni," in ji ta. "Ka saurara. Abin nan yana kaiwa, yana kuma sharewa. In ka yi kuskure, foldar 'yarka da ba komai a ciki ita za ta shafe taka."

Bai taɓa komai ba ranar. Washegari ya sayo filashi biyu ya kwafe hotunan, ɗaya ya sa a aljihun gaba, ɗaya ya ba mai gyaran agogo ajiya. Da suka zo sauko da manhajar, ya ƙi shafin farko mai manyan maɓallai masu ƙyalli, ya sa Auta ta karanto masa adireshin masu ita harafi-harafi, yana bi da yatsa. Da aka zo kan kalmar sirri, ya janye hannu.

"Ba manhajar za ka ba wa ba," in ji maƙwabciyar. "Shafin kamfanin ne zai buɗe, can za ka rubuta."

Ya duba ya tabbatar, sannan ya rubuta yana karewa da tafin hannu, ko maƙwabciyar bai bari ta gani ba.

Manhajar ta so ya buɗe mata kwamfutar gaba ɗaya, ya hana, don hotunan mutane amana ne. Ya buɗe sabuwar folda ya jefa hoton wata kujera don gwaji. Auta ta ce kujera ta iso. Ya goge ta, ta ce ta ɓace. Ya daɗe yana kallon wurin da kujerar take. Sannan ya yi bisimilla, ya zuba kwafin hotunan Maman Yara a ciki.

Kwana uku suna hawa, intanet na ɗaukewa yana dawowa. Yana zaune yana kallon sunayen suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ya san ranar kowanne da zanen da ta ɗaura.

Ran na huɗu da rana, yana yanke wa wani direba hoton fasfo, waya ta yi ƙara.

"Baba, sun iso duka." Muryar Auta ta dusashe. "Ga jikarka nan a cinyata, ta ƙi tashi daga gaban kwamfuta. Wai za ta tambaye ka."

Aka yi ta kokawa da waya, sai ga 'yar siririyar murya.

"Kaka, wannan matar, a kowane hoto tana dariya. Wa take yi wa dariya?"

Mai Hoto ya ajiye almakashi. Direban ya kalle shi, ya kau da kai waje.

"Kaka? Kana ji?"

"Ina ji," ya ce. "Ni ne. Ni take yi wa."