Madubin da Goggo ta lulluɓe

Jiya jikata ta rataye wani tsohon madubi da ta samo a kasuwar Bodinga, sai Goggo, yayar mahaifina, ta faɗo mini a rai.

Da hannunta take yaɓe ɗakinta da jar ƙasa, ta kafa tsofaffin tasoshi a bango. Amma madubin da ya fito daga gidan mamaci, lulluɓe shi take yi da zane.

Wata azahar na ɗaga zanen, na ga wata tsohuwa a bayana tana taje kai, alhali ni kaɗai ne a ɗakin. Na ruga na shaida wa Goggo.

Ta ce, "Ta dube ka?"

Na ce a'a.

"To, kak ka koma."

Allah Ya haskaka makwancin Goggo, Ya hana waccan tsohuwa waiwayowa.