Sistar da Ta Daina Rubuta Ashirin

Ƙarfe bakwai na safe take karɓar aiki a ɗakin maza na asibiti. Kafin nan ta sallami yara biyu zuwa makaranta, ta saurari rabin lacca a cikin mota. Sauran rabin sai hutun rana, a ɗan ɗakin ajiye zannuwan gado, don nan kaɗai intanet ke kamawa. Shekara uku ke nan tana haɗa cikakken aiki da karatun digiri na biyu a fannin jinya ta intanet. Abokan aiki suka laƙaba mata Farfesa, ba kuma don yabo ba.

Bincikenta a kan ƙirga numfashi ne. Ƙa'ida ita ce a tsaya minti guda cur da agogo a kan kowane majinyaci. Da ta tattara takardun wata shida, sai ta ga kusan kowa ashirin aka rubuta masa. Mai zazzaɓi ashirin, wanda aka yi wa tiyata ashirin, har wanda ya cika da la'asar, da safe ashirin ne. Wannan ba ƙirga ba ce, lalaci ne da biro, mu kuma mun sa masa suna "haka aka saba".

Makaranta ba ta karɓar bincike sai da sa hannun shugabar ɗaki, shafin turawa kuma zai rufe Alhamis da sha biyun rana. Ya wuce, sai baɗi. Babbar Sista, wato shugabar ɗakin, ta karanta, ta ce a cire babin da ya yi maganar ashirin ɗin, ba da hannunta za a tona wa ɗakinta asiri ba. Abokan aiki suka rage amsa gaisuwarta. Maigidanta ma ya ce ta cire, in ta karɓi takardarta ta dawo ta gyara duniya.

Ranar Alhamis, sha ɗaya saura, ta buɗe wa Babbar Sista wata tsohuwar takarda.

"Anti, dubi rubutun nan. Nawa ne. Shekara takwas na yi ina rubuta ashirin."

Ta miƙa mata agogonta, ta roƙe ta ta ƙirga numfashin mai gado na huɗu da kanta. Wani tsohon tela ne, takardarsa ta safe na cewa ashirin. Babbar Sista ta tsaya ta ƙirga. Talatin da huɗu ta samu. Aka ruga kiran likita, aka jawo tukunyar iska. Farfesa ce ke riƙe da abin shaƙa a fuskar tsohon, takardar sa hannu na yashe a kan keken magani, agogon bango na ta ci.

Sha biyu saura minti bakwai, numfashinsa ya fara daidaita. Babbar Sista ta ɗauki biro ta sa hannu ba tare da ta ɗago ba.

"Yi sauri, Farfesa, kafin abin naki ya rufe. Agogon kuwa ki bar mini."

Farfesa, ke ce kika fara tuhumar kanki kafin ki tuhumi kowa. Ke ce kika nuna cewa karatun da bai iso bakin gado ba ado ne kawai. Mun gode, Allah ya ƙara miki juriya.

Ku kuma masu cewa ba lokaci, ita da ke raba hutun ranarta da lacca ta samu. Minti guda ne. Ku tsaya ku ƙirga.