Tsingaron Ɗiban Wuta

A shekarar farin nan da dabbobi suka ƙare muna zaune a Gumel, ina goyon 'yata ta biyu. Itace ya yi wuya. Masu jakuna daga wajen Gagarawa sai su kwana uku ba su shigo ba, mata suka koma kara da busasshen kashin shanu. Lantarki kuwa sai gidajen ma'aikata, inda ake jin ƙugin inji. Rediyo kullum cewa yake ƙasarmu ta samu arzikin mai, lokacin hayaƙi ya wuce. Sai maigidana ya sayo mini risho a kasuwar Maigatari, da galan ɗin kananzir.

Akwai wata tsohuwa a bayan gidanmu, ita kaɗai take zaune, Inna muke ce mata. Kowace safiya takan shigo da tsingaron tukunya ɗiban wuta. Kafin garwashi ya yi ja sai ta zauna, ni kuma in miƙa mata ɗumame ko koko.

"Ke 'yar nan, wutarki nawa gare ta, kamar mai ita," in ji ta, tana lashe hannu.

Ranar da na fara kunna risho ta shigo kamar kullum. Na nuna mata shuɗiyar wutar, har da karanta mata rubutun jikinsa, ni da ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba. Na ce, "Inna, mun bar murhu. Ga ashana, kin huta da zirga-zirga." Ta juya kwalin a hannu, ta ce, "Allah ya yi albarka." Ranar shayi muka sha, babu ɗumame. Ba ta ƙara zuwa ba, ni kuma na ɗauka na kyauta mata.

Bayan kamar wata guda kananzir ya yanke a gari, motar da ke kawo shi ba ta zo ba. Na haɗa kara a murhu, na duba babu ashana. Na yafa mayafi na zagaya wurin Inna.

Murhunta babu ko toka, kaza ma ta yi gurbi a tsakanin duwatsun. Kwalin ashanar yana kan katanga, cike. Ita kuma tana zaune, zane ya yi mata yawa. A nan na gane ba ta da abin ɗorawa tun can, wutar da take ɗiba a hanya take mutuwa.

"Ɗauki abarki," ta ce, ba ta dube ni ba.

Na dawo da murhu, ko da kananzir ya samu ban kashe shi ba. Na aika mata tuwo, ta karɓa sau ɗaya, na biyu ta ce ta ƙoshi. Da ta sake shigowa da tsingaronta na shimfiɗa tabarma, na ce, "Inna, zauna mana." Ta ce tana sauri. Ta ɗebi wuta ta fita, tana kare ta da tafin hannu. Haka ta riƙa yi har damina, da 'yarta ta zo daga Sule Tankarkar ta tafi da ita.