Ƙafar Ƙanena da Kafso Mai Ja da Rawaya

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da aka yanke wa ƙanena ƙafa ba. A da, allura ɗaya kan kwantar da gyambo. Yanzu mun wayi gari magani na shiga jiki kamar ruwa a rairayi.

Ƙanen nawa manomin albasa ne a Badaguishiri. Hauya ta sare shi a ƙafa cikin garka, sai ya yi abin da kowa ke yi a wajenmu: ya sayi kafso mai ja da rawaya wurin mai talla, ya ɓare, ya barbaɗa garin a kan ciwon, ya haɗiyi saura. Haka ya saba, ko mura ce. Da na iso daga tafiya, warin ƙafar ne ya tarbe ni tun daga zaure.

Muka kai shi asibiti a Ƙonni. Likita ta sauya magani, ta sake sauyawa, kumburi na ta hawa. Ta ja ni gefe ta ce, "Baba, ƙwayoyin cutar nan sun saba da duk abin da muke da shi."

Nan na tuna da ƙasar Jojiya, inda na taɓa yin tafinta. Can na ga ana sayar da wani ruwa a 'yan kwalabe, cike da birus, wata 'yar halitta da ido ba ya gani, wadda ba ruwanta da mutum, ƙwayar cuta kaɗai take kashewa. A ruwan kwata ma ake farauto birus ɗin, a tace. Na ba su labari.

Ƙanena ya ji, ya yi dariyar ƙarfin hali. "Yaya, duk yawonka na duniya, ruwan kwata ka samo mini? Ai ga shi nan bayan gida, kyauta!"

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce ta san maganin, amma kowace ƙwaya da nata birus. Sai an aika ruwan ciwon ƙasar waje an gwada wanda ya dace. "Ƙafar nan ba za ta jira ba. In muka jira, shi za mu rasa."

Ƙanena ya ce, "Ku yanke. Amma wa zai yi mini ban-ruwa?"

Aka shiga da shi ɗakin tiyata.

Na iya harsuna da dama, na san inda maganin yake, duk bai tsinana komai ba. Abin da na koya shi ne, maganin nesa ba ya ceton wanda ya lalata na kusa. Ƙanena bai sake shiga garka ba, kuma kafson talla bai sake shiga gidanmu ba.