Baƙon da Ya Zo Mana daga Texas

Ko zan manta da komai na zamana a Amurka, ba zan manta da shekarar da muka ɗauko kare daga Texas ba. Ƙwarai kuwa, kare. Ni ɗin nan da na tashi a unguwar da idan kare ya gifta ƙofar gida sai yara sun raka shi da jifa har ƙarshen layi.

A lokacin muna zaune a Gaithersburg, a wani ɗan gida mai bene da 'yar farfajiya ta baya. 'Ya ɗaya Allah ya ba mu, shekarunta goma sha biyu, kuma tun da babbar ƙawarta ta ƙaura zuwa wata jiha yarinyar nan ta koma shiru-shiru. In ta dawo daga makaranta sai ta haye sama ta rufe ƙofa. Ni da mamanta mun rasa yadda za mu yi da ita. Wata rana da yamma sai ga ta ta sauko da waya a hannu, fuskarta a sake, abin da muka daɗe ba mu gani ba. Ta nuna mini hoton wani ɗan kwikwiyo ruwan ƙasa, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ya yi wani kalar tausayi kamar ya san hoto ake ɗaukarsa.

Wata ƙungiya ce mai ceto karnukan da aka yasar ta sa hoton a intanet. Sun rubuta cewa gidajen ajiye dabbobi a can Texas sun cika, in ba a samu mai riƙonsa ba allurar mutuwa za a yi masa. Yarinya ta karanta mini wannan layin.

"Baba, kashe shi fa za su yi," ta ce da Turanci, don ita Hausa tana ji sarai amma amsawa da ita sai an yi da gaske.

Mamanta ta fi ni hankali. Ta ce in dai kare ake so, ga gidan ajiye dabbobi nan kusa da mu, mu je mu gani da idonmu, mu taɓa, mu yi tambaya, kuma kuɗin bai kai haka ba. Amma yarinya wancan mai kunnen take so, ni kuma murmushin nan nake so ya dawo gidana. Na je wajen malaminmu bayan sallar Juma'a na ce kare nake son ajiyewa saboda gadi. Ya ce babu laifi in don gadi ne, a dai ware masa wurinsa da kwanonsa, kada ya hau inda ake sallah. Na nuna masa hoton. Ya dubi kwikwiyon, ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya tsare mai gadin."

Sai maganar kuɗi. Kuɗin riƙo kaɗai ya haura dala ɗari huɗu, wai a ciki har da rigakafi da fiɗiya. Bayan na biya sai aka ce akwai kuɗin mota daban, da na takardar likita ta ƙetare jihohi, da na kejin da zai yi tafiya a ciki. Na biya duka ina zufa. A raina na ce shi ke nan, an gama mai wuyar. Ashe kuɗin shiga kasuwa kawai na biya, cinikin yana gaba.

Ana cikin haka mahaifiyata, Hajiya, ta iso daga Kano don a duba mata ido, da niyyar ta yi mana wata shida. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, "kai" kawai take ce mini, kuma daga yadda ta ja kalmar nake sanin ko lafiya. Ranar da ta ji labarin kare ta ja ta har ƙasa.

"Kaaai. Kare? A cikin gida? Kuma da kuɗi?"

Da matata ta gaya mata adadin, ta juya shi zuwa naira a kanta, sannan ta ce a garinmu wannan kuɗin bijimi ake saye da shi, a yi layya, a raba wa dangi, a yi kilishi da saura. Ta kafa sharaɗi: ba zai hau bene ba, ba zai taka kafet ba, kuma ita da shi ko kallo. Muka gyara masa ɗakin wanki na ƙasa, mai ƙofa zuwa farfajiyar baya.

Ranar Asabar da safe muka je wani filin ajiye motoci inda aka ce motar za ta tsaya. Muka tarar da wasu iyalai suna jira, kowa da igiya a hannu, kamar masu taryar alhazai. Farar motar ta iso, aka shiga fito da karnuka ana kiran sunayen masu su. Da aka zo kanmu sai direbar ta fito da wani zabgegen kare, tsayinsa ya kai min cinya, haƙarƙarinsa duk a waje. Na ce mata an yi kuskure, namu ɗan ƙarami ne. Ta duba hoton a wayata ta yi dariya ta ce ai hoton ya kwana biyu. Na sake dubansa. Kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Shi ne. Ashe tun yana jariri aka ɗauki hoton, kuma ni ban taɓa tambayar nauyinsa ko na ce a turo mini bidiyo ba.

Yarinya dai ko a jikinta, ta durƙusa ta rungume shi. Shi kuwa sai rawar jiki yake, ya kwana biyu a keji cikin mota, bai san mu ba, bai san garin ba.

Muna isa gida, ina buɗe ƙofar mota, ya fizge igiyar ya ranta a na kare, kuma ranar na ga ainihin ma'anar wannan magana. Na bi shi da gudu, ga tumbi, ga takalmin soso. Yarinya tana bayana tana kuka tana kiransa da Turanci. Ni ina yi da Hausa: "Zo nan! Kai! Tsaya!" Ko waiwaye. Ya tsallake shingen wani, ya ratsa furannin wata, ya nufi babban titi inda motoci ba sa sassautawa. Na san in mota ta buge karen nan a gaban yarinyar nan, ƙofar ɗakinta ba za ta ƙara buɗuwa ba.

Sai wata dattijuwa maƙwabciyarmu, 'yar El Salvador, wadda gaisuwarmu da ita ba ta wuce ɗaga hannu, ta ajiye tsintsiyarta ta daka tsawa: "Ben! Ben aka!"

Kare ya ja burki kamar an taka masa wutsiya. Ya juyo, ya taho wajenta yana kaɗa bindi. Ta sake faɗin wata kalma, ya zauna daram. Ina haki na iso. Ashe karen ba kurma ba ne, ba kuma taurin kai ba ne: Sifaniyanci yake ji. Ga alama a can bakin iyakar Texas wasu masu wannan yaren ne suka fara rainonsa. Da na ba Hajiya labari ta ce, "Ka ga ikon Allah. Ka sayo baƙo, yanzu sai ka nemo masa tafinta." Daga ranar sunansa ya koma Baƙo a bakinta.

Dariyar ba ta daɗe ba. Da muka kai shi asibitin dabbobi a duba shi, likitar ta ɗibi jininsa, ta dawo fuskarta ba walwala. Ta ce yana da tsutsar zuciya, wata cuta da sauro ke yaɗawa, wadda ta yi yawa a jihohin kudu masu zafi. Na ce ai takardarsa ta ce lafiyarsa ƙalau. Ta ce mai yiwuwa ba ƙarya suka yi ba, cutar takan yi watanni a jiki kafin gwaji ya nuna ta. Maganin allurai ne masu zafi, kuɗinsu ya ninka abin da na riga na kashe, sannan dole a hana shi gudu da tsalle na tsawon makonni, don in jininsa ya ɗauki gudu matattun tsutsotsin za su iya toshe masa huhu.

Na kira ƙungiyar. Matar da ta ɗauka ta ba ni haƙuri sosai, ta ce kuɗin riƙo ba a mayarwa, amma za su iya karɓarsa in mun gaza. Na fara murna a ɓoye. Da dare muna cin tuwo na kawo maganar a hankali, sai yarinya ta ajiye cokali ta ce, "In mun mayar da shi, wa zai so babban kare mara lafiya?" Washegari na biya kuɗin allura.

To, wa zai tsare shi kada ya yi tsalle? Ni ina aiki a cikin Washington, matata tana aiki a asibiti, yarinya tana makaranta. Mutum ɗaya ce ke wuni a gidan. Ba mu roƙe ta ba, ba mu da fuskar roƙon. Amma Baƙo in aka bar shi shi kaɗai sai ya yi ta kuka yana dukan ƙofa, Hajiya kuma ba ta jure kukan dabba. Wata rana na dawo da wuri na same ta zaune a kan kujera a bakin ɗakin wanki, carbi a hannu, tsakaninsu da tazara mai kyau, tana ba shi labarin rigimar gadon wani gida a unguwarmu. Ya ɗora haɓa a ƙasa yana sauraro. Da ya yunƙura zai tashi ta ce, "Kwanta." Ya kwanta. Ta dubi jikarta da ta shigo daga makaranta ta ce, "Ƙawata, kin gani? Wata guda ya yi ya ji Hausa. Ke shekara nawa?"

Ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce bayan allura ta biyu. Ina ofis da hantsi waya ta yi ƙara. Hajiya ce, kuma wannan karon "kai" ɗin gajere ne.

"Kai, Baƙo ba lafiya. Kurege ya gani ta taga ya yi tsalle, yanzu ya faɗi yana haki, harshensa ya canja."

Na fito a guje, amma daga inda nake zuwa gida, jirgin ƙasa da mota, tafiya ce mai tsawo. Na kira matata, tana ɗakin tiyata. Na sake kiran Hajiya, ba ta ɗauka. Ina cikin jirgi ina ta saƙa yadda zan gaya wa yarinya, sai asibitin dabbobin suka kira suka ce kare yana wajensu, wasu tsofaffi biyu ne suka kawo shi.

Abin da ya faru shi ne, Hajiya ta yafa mayafi ta je ta buga ƙofar maƙwabciyar nan. Ita ba Turanci, waccan ba Hausa. Ta kama hannunta kawai ta ja ta har ɗakin wanki. Su biyu suka mirgina shi kan bargo, suka ja shi zuwa mota. Maƙwabciya ta tuƙa, Hajiya tana baya, kan kare a cinyarta.

Na same su a ɗakin jira suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kowace tana addu'a da yarenta, zanen Hajiya duk gashi da yawu. Likita ta fito ta ce an sa masa iskar numfashi, an kawo shi a kan lokaci, zai tashi. Na zauna kusa da mahaifiyata na ce, "Hajiya, kin taɓa shi."

Ta harare ni. "To in bar shi ya mutu ina kallo? Rai ne fa. Zane kuwa ai wankuwa yake." Sannan ta ƙara, "Kuma kada in ji wannan magana a Kano."

Baƙo ya warke, ya yi ƙiba, yau shi ne ke jan yarinyar nan yawo a unguwa, ta san kowa kowa ya san ta. Maƙwabciyarmu ta zama ta gida, har girki suka riƙa musaya da Hajiya kafin Hajiyar ta koma Kano. Gadi kam bai taɓa yi ba, ko mai kawo saƙo ya gani sai ya kwanta a shafa masa ciki.

Yanzu in wani ya ce mini zai ɗauko dabba daga nesa, ba na hana shi. Nakan ce ya nemi bidiyon jiya-jiya, ya tambayi yaushe aka yi gwajin jini, ya ji abin da za a yi in ta iso da ciwo, kuma ya tanadi ninkin abin da aka ce masa. Amma babban abin da na koya ya wuce wannan. Jin tausayi daga nesa ba shi da wuya, danna waya da yatsa ɗaya ya isa. Wahalar tana kan wanda zai wuni da abin tausayin a gida, kuma sau da yawa ba shi ne aka yi shawara da shi ba. Ni na yi sa'a, tawa mai wunin zuciyarta ta fi bakinta taushi. Ba kowa ke da irin wannan uwa a gida ba, saboda haka kafin ka ce a kawo, fara tambayar wanda zai riƙe.