A Kai Wa Baba Ya Gani

Ba zan faɗi sunana ba. Ba don kaina nake ɓoyewa ba, nawa ya riga ya zube. Ɗan abin da ya rage na sunan mahaifina nake lallaɓawa. Ku matasa nake so ku karanta wannan, musamman masu shiga shago su kasa fitowa.

Ni ɗan garin Katagum ne. Mahaifina malamin dabbobi ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin rugage da kasuwannin shanu yana allura har ya yi ritaya. Bai tara dukiya ba, rabin gidanmu har yau ginin ƙasa ne, amma daga Katagum zuwa Azare, har Jama'are da Giade, in ya faɗi magana ba a neman shaida. Ni kuma na tashi ba ruwana da rigima. Na gama difloma, na iya kwamfuta, ina zama a shagon wani ina buga wa mutane takardu da katin biki, ina yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Aibina guda ne, kuma a lokacin ban ma san aibi ba ne: ba na iya zaɓe. A gaban mai shayi ma sai in tsaya ina shawara da kaina har na bayana su gaji su wuce ni.

Wata kaka Baba ya sayar da wakensa, ya kira ni ya ce lokaci ya yi da zan mallaki kwamfutar kaina in daina yi wa wani aiki. Ya ba ni kuɗin, ya ce in je Azare wajen Alhaji Buba mai shagon kwamfuta, wanda Baba ya daɗe yana duba masa shanu.

Alhaji ya ajiye min guda biyu a kan tebur, duka na hannu. Ɗaya baƙa ce mai kauri, gefenta ya ɗan koɗe, kuɗina ya kai ta har da ragowa. Ɗayar ruwan azurfa ce, siririya. Ya buɗe ta, ya lanƙwasa ta baya har ta koma kamar allo, ya sa yatsa ya shafa fuskarta, hoto ya bi yatsan. Kuɗinta ya kusa ninka na baƙar.

"Wannan jaki ce," ya ce yana buga baƙar da tafin hannu. "Ba kyau, amma akwai ɗaukar kaya. Waccan kuwa ta 'yan gayu ce. Aikinka dai ko wacce za ta yi shi."

Nan kaina ya ɗaure. In na taɓa baƙar sai in ji hankalina ya kwanta, in na kalli farar sai in ji baƙar ta zame min abin kunya. Na tambayi batir, ya ce na baƙar ya fi daɗewa, na ce to ita zan ɗauka. Kafin ya nemo leda na ce a ɗan tsaya. Haka na yi ta yi har aka kira azahar, muka je muka dawo, ina nan inda nake.

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ɗan Malam, ka tare min ƙofar shago. Kwashe su duka biyun ka kai wa Malam ya gani. Wadda kuka zaɓa ka kawo kuɗinta, ka dawo min da ɗayar."

Ga wanda bai sani ba, haka ake yi a wajenmu. In mahaifinka mutum ne da aka sani, ɗan kasuwa zai ba ka kaya ka kai gida babba ya gani kafin a yi ciniki. Ba a rubuta komai, ba a karɓar jingina, sunan uban shi ne jinginar. Na miƙa wa Alhaji kuɗin hannuna ya riƙe, ya ture hannuna ya ce kar in zage shi.

Da na isa gida Baba ya sa tabarau ya dube su. Na nuna masa yadda farar ke lanƙwashewa, na shafa fuskarta, yatsuna suka bar tabo, ya sa bakin rigarsa ya goge.

"Wacce ce ba za ta yi aikin ba?"

"Duk za su yi, Baba."

"Wacce kuɗinka ya kai?"

"Baƙar."

"To ina abin ruɗewa a nan? Gobe ka mayar wa mutum kayansa."

Na ce to, kuma wallahi da gaske na faɗa. Amma washegari sai na ce bari in ƙara kwana ɗaya in tabbatar. Na fita da farar majalisarmu, abokai suka yi caa a kanta, wani ya ce duk wanda ya ga wannan a gabana zai san na wuce sa'an masu buga katin biki. Wani kuma ya ce gilashinta in ya fashe sai Kano. Na koma gida da maganganun biyu a kaina, kowacce na ji ita ce gaskiya. Na ɓoye farar a ƙarƙashin katifa, da Baba ya tambaya na ce na mayar. Ƙaryar farko ke nan, kuma ban ji ta da nauyi ba, don a raina ai gobe zan mayar.

Ana haka wani malamin firamare ya ga baƙar a hannuna ya ce yana so. Sai dabara ta zo min: in sayar masa da ɗan riba, in haɗa da kuɗin wake, in biya farar, daga baya in yi aiki in biya baƙar. Ban kira shi sata ba, ciniki na kira shi. Na sayar. Sai dai kafin in waiwaya na sayi jakar da ta dace da farar, da alƙalaminta na rubutu a gilashi, da takalmi, don mai irin wannan kwamfuta ba ya yawo da silifa. Abin da ya rage bai kai kuɗin farar ba balle na duka biyun.

Alhaji ya kira ni a waya. Bakina ya riga tunanina, na ji na ce, "Baba ne bai gama dubawa ba."

"Ah, ba komai. Kar Malam ya yi gaggawa. Ka gaishe shi."

Na ajiye wayar. Kunya na ji, amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu mai kama da murna, don na gano ina da mabuɗin da ban san ina da shi ba.

Daga nan na shiga wani shagon waya a Azare na faɗi ɗan wanda nake, na ce Baba yana so ya ga irin wannan. Aka ba ni biyu. Na kai su Giade na sayar, na kai wa Alhaji wani abu na ce sauran na tafe. Da mai waya ya fara kira sai na je Jama'are na karɓo batirin sola a kai wa Baba ya gani. Daga shi sai keken ɗinki, sai injin ban ruwa. Baba da ko wayar shafawa ba ya riƙewa, a bakina ya zama mutumin da ke son ganin komai na kasuwa. Ina toshe wannan rami da ƙasar wancan, ramukan kuma sai ƙaruwa suke. Wata rana in tashi ina ganin kaina ɗan kasuwa da abubuwa suka cakuɗe masa, wata rana in san sarai ɗan damfara ne ni. Har yau ba zan iya nuna muku ranar da na tashi daga wancan na koma wannan ba.

Ita kuwa farar da aka yi duk wannan dominta, ban taɓa buga katin biki ko ɗaya da ita ba. Ba zan iya fita da ita a garinmu ba tunda na ce na mayar. A ɗaki nake kulle ƙofa in lanƙwasa ta in kalli fim, batir ya mutu, in zauna jiran wuta.

Dubuna ta cika ranar da Baba ya je Azare tantance 'yan fansho, ya biya ya gaisa da Alhaji. Daga baya aka ba ni labari. Alhaji cikin raha ya ce, "Malam, har yanzu ba a gama ganin ba?" Baba ya ce, "Ganin me?" Mai shagon waya yana kusa, ya ji, ya matso. Kafin la'asar an kewaye dattijon nan a tsakiyar kasuwa, kowa yana faɗin abin da ya bayar a kai masa, shi kuma yana tsaye da takardun fanshonsa a hannu bai san ko ɗaya ba.

Ya dawo ya same ni a ɗaki. Bai ɗaga murya ba. Ya kalli farar a kan cinyata ya ce, "Ita ce wannan?" Na ce ita ce. Ya ce, "Tashi mu je." Da kansa ya kai ni gaban Alhaji da sauran masu kayan.

Alhaji ya ce shi ya bar wa Allah, amma sauran suka kai ƙara. Baba ya sayar da gonar waken ya biya kowa. Alƙali ya ce biyan kaya daban, zamba daban. Aka kawo farar gabansa a matsayin shaida, ya juya ta ya tambaye ni, "Me wannan take yi da baƙar ba ta yi?" Na ce, "Ana taɓa fuskarta, ranka ya daɗe." Ya ce, "Sai kuma me?" Mutane suka yi dariya, ni kuma hawaye ya zubo min. Aka yanke min ɗauri.

A gidan yari na sami lokacin tunani fiye da yadda nake so. Na yi ta neman abin da nake so a jikin kwamfutar nan, ban samu ba. Ba aikinta ba ne, ba ma kyanta ba ne sosai. Ina ganin dai na kasa haƙura da ɗaya ne, sai na riƙe biyu, alhali ɗaya ba tawa ba ce. Innata tana zuwa da ƙuli-ƙuli da sabulu. Baba bai zo ba, amma ta ce shi ke sayen sabulun. Na tuba ga Allah a can, tuban da na san ba zai dawo da gona ba.

Da na fito, Baba ya ce akwai sauran aiki. Ya sa ni gaba muka bi shagunan nan ɗaya bayan ɗaya ina neman gafara. Wasu suka yafe da baki, wasu suka kau da kai. Alhaji ya yafe, har ya sa aka kawo mana ruwa. Na fara jin kamar abin ya wuce.

A hanyarmu ta zuwa tasha Baba ya tsaya a wani shago, ya ga ƙaramar fanka mai caji. Innata tana fama da zafi, ya daɗe yana son saya mata. Ya ɗaga ta ya juya, sai ya faɗi abin da ya saba faɗa shekara da shekaru.

"Bari in kai wa mai ɗakina ta gani."

Mai shagon bai kalle shi ba, ni ya kalla. "Malam, ka yi haƙuri. An daina. Yanzu a nan ake gani."

Baba ya ajiye fankar a hankali inda ya ɗauke ta. "Ka yi daidai," ya ce, muka wuce. A mota wani fasinja ya gaya min ba Baba kaɗai ba ne, tun abin da na yi shagunan layin nan suka daina ba 'yan garinmu kaya a kai gida. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, har da ranar kotu.

Yanzu na koma shagon wani ina buga takardu, a kan wata baƙar kwamfuta irin waccan sak, kuma ba abin da ta gaza yi min. Ku ƙannena, in kun tsaya gaban abu biyu kanku ya ɗaure, ku tambayi aljihunku, shi ba ya ruɗewa. Ku ɗauki wanda kuka iya, ku mayar da na mutane a ranar da kuka ce, kar ku ƙara masa kwana ko ɗaya. In kuma an ba ku abu saboda sunan mahaifinku, ku sani ba naku kuke kashewa ba, kuma ba a sayo shi da kuɗin gona. Baba bai taɓa goranta min ba. Amma yanzu in zai shiga shago, tun daga bakin ƙofa yake fito da kuɗinsa ya riƙe a hannu inda za a gani, sannan ya taɓa kaya.